Likita Baikie, Baƙon Birnin Kano

Yawancinmu mun san Zabura da Hausa, amma kaɗan ne cikinmu suka san William Baikie, likita ɗan ƙasar Sikotilan, masanin tsirrai da dabbobi. A 1859, shekarar da littafin Darwin ya ta da gardama a Ingila kan asalin halittu, shi yana bakin Kwara yana rubuta wa Landan wasiƙu. A 1862 ya shigo birnin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, yana neman takardun Vogel, Bajamushen da aka kashe a Wadai. Ya rasu a Saliyo a 1864, bai kai gida ba. Zaburar da ya juya Hausa sai a 1881 aka buga ta.