LADI KWALI: MAGINIYAR TUKWANE, 'YAR ƘASAR GBAGYI

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga wata mace ta duƙa tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar kabilar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari.

An haife ta a Kwali wajen 1925. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida, da hannu kawai, ba na'ura. Kafin yumɓu ya bushe sai ta zana masa ƙadangare, kunama, kada, hawainiya da kifi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara randunanta a fada, a can ne Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko. Ta koyi dabarun Turawa, amma ba ta yar da zanen iyayenta ba. Wannan zanen ne ya kai ta Landan da Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

Ana cikin karrama ta ƙasar mutanenta ta fita daga hannunsu. Doka mai lamba 6 ta 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammad, ta mai da yankin babban birnin tarayya. Aka tashi mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja, suka bar gonaki da kaburburan kakanni. Abin lura, hoton Murtala ne a gaban takardar da Ladi take bayanta.

Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Akwai titi mai sunanta a Wuse, a kan ƙasar da aka tashi 'yan'uwanta.

A Boliviya, kabilun Aimara da Kecuwa sun yi ta irin wannan gwagwarmaya har ɗansu Evo Morales ya hau mulki a 2006. 'Yan asalin Abuja kuwa ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha. Sai a 2023 ɗayansu, Zephaniah Jisalo, ya fara zama minista, shekara 39 bayan rasuwar Ladi.