Tunawa da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya kama aikin hasken rana

Yau kusan kowace unguwa akwai panno bisa ɗaki, ana cajin waya, ana kunna fitila da talabijin. To, akwai ɗan ƙasar nan da ya sa kansa cikin wannan harka tun kafin a haifi yawancinmu.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa, jihar Maraɗi, ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, daga nan sai Faransa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a kimiyyar fizik, abin da babu wani ɗan Afirka rainon Faransa da ya riga shi. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa ilimin makamashin rana.

A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. A shekarar ne kuma ya fitar da littafinsa L'Éducation en Afrique, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunan gida. A 1969 ya dawo Nijar ya karɓi ragamar ma'aikatar makamashin rana, wato ONERSOL, ya riƙe ta har 1985. Ku lura da shekarar nan: lokacin ne ake gina garinmu Arlit saboda yuraniyom. Muna haƙa ƙasa a nan arewa, shi kuwa yana Yamai yana duban sama.

Yawancin abin da ONERSOL ta ƙera da zafin rana yake aiki: tukunyar dahuwa, injin ɗumama ruwa, da na tace ruwan sha. Panno kuwa daban ne, haske yake ci, ba zafi ba. Ƙananan murabba'an nan da kuke gani a jikinsa da silikon aka yi su, wanda ake fitarwa daga yashi. Kowanne hawa biyu ne. An zuba wa na sama wani sinadari da ya sa ƙwayoyin lantarki suka yi masa yawa, na ƙasa kuma aka sa masa wani da ya bar shi da gibi. Idan haske ya bugi silikon, sai ya fizge ƙwayoyin daga mazauninsu, mahaɗar hawa biyun ta tura su gefe guda kawai, kamar ƙofar da ake fita ba a shiga. Sai su bi waya, su ratsa fitila ko batir, su komo. Wannan zagayen shi ne kuran.

Murabba'i ɗaya wajen rabin bolt yake bayarwa, shi ya sa ake jera 36 don cika batir mai bolt 12. Shi ya sa kuma ƙura ke rage ƙarfin panno, kuma idan ya yi zafi ƙwarai ƙarfinsa raguwa yake. A riƙa share shi da sassafe, a bar iska ta ratsa ƙarƙashinsa.

Daga 1979 farfesan ya shugabanci jami'ar Yamai na ƴan shekaru. Allah ya yi masa rasuwa ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Bai ga tashar sola ta Malbaza da aka buɗe a 2018 ba, balle ta Gorou Banda mai megawat 30 ta 2023. Mu nan kuwa, wutarmu daga gawayin SONICHAR na Cirozerin take zuwa, kuma mun ga yadda aka rufe COMINAK a 2021, iyalai da dama suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ma'adini yana ƙarewa. Yaranmu da ke lakwal, ya kamata a samu masu ƙerawa da gyaran panno a cikinsu, ba masu saye kawai ba.

Allah ya jiƙan Farfesa Abdou Moumouni, ya sa ya huta.