Mary Whiton Calkins: Malamar falsafar da Jami'ar Harvard ta hana wa digirin digirgir

A watan Mayun 1895 wasu manyan malaman sashen falsafa na Jami'ar Harvard da ke Amurka suka zauna suka yi wa wata ɗaliba jarrabawar digirin digirgir. Cikinsu akwai William James da Josiah Royce da Hugo Münsterberg, waɗanda sunayensu suka riga suka zagaye jami'o'in Amurka da Turai. Ta amsa tambayoyinsu har suka gamsu, baki ya zo ɗaya cewa ta cancanta, suka kuma rubuta wa hukumar jami'ar suna neman a ba ta digirin. Hukumar ta ƙi, domin dokarta ba ta yarda a ba mace digiri ba. Sunan ɗalibar Mary Whiton Calkins, kuma har ta koma ga Mahaliccinta bayan shekara 35 ba a ba ta takardar ba.

An haife ta ranar 30 ga Maris, 1863 a garin Hartford na Jihar Connecticut, ita ce babba cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta, Wolcott Calkins, limamin coci ne mai son karatu, kuma bai bambanta 'ya'yansa mata da maza wajen neman ilimi ba. A 1880 iyalin suka koma Newton a Jihar Massachusetts, garin da ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Ta shiga Kwalejin Smith, wadda ta mata ce zalla, a 1882. Rasuwar ƙanwarta ta sa ta zauna gida shekara guda tana karatu da kanta, sannan ta koma ta kammala a 1885 a fannin falsafa da tsofaffin harsunan Turai. Bayan doguwar tafiya da iyalinta suka yi a Turai, sai Kwalejin Wellesley, ita ma ta mata, ta ɗauke ta koyar da Girkanci a 1887.

A wancan zamani ilimin halayyar ɗan Adam sabon fanni ne, yana ƙarƙashin sashen falsafa bai kai ga cin gashin kansa ba. Wellesley ta so ta fara koyar da shi, sai ta miƙa wa Calkins aikin bisa sharaɗin ta je ta yi karatun shekara guda a kansa. Nan matsala ta taso: jami'o'in da ke da ƙwararru a fannin kaɗan ne, waɗanda ke karɓar mata kuwa sun fi ƙaranci. James da Royce sun amince ta zauna a ajinsu a Harvard, amma shugaban jami'ar, Charles William Eliot, ya ƙi. Sai da mahaifinta ya rubuta takardar roƙo, shugabar Wellesley ta mara masa baya, sannan aka yarda a watan Oktoban 1890, da sharaɗin cewa baƙuwa ce mai sauraro, ba za a sa sunanta a rajistar ɗalibai ba.

Ba da jimawa ba mazan da suka yi rajistar ajin James suka janye, ya rage daga shi sai ita. A shekarar ne babban littafinsa kan ginshiƙan ilimin halayyar ɗan Adam ya fito, don haka ta karanta shi a gaban marubucinsa, tana tambaya yana amsawa. A lokaci guda tana zuwa Jami'ar Clark wajen Edmund Sanford, inda suka yi bincike kan mafarki. Sukan saita agogo ya tashe su cikin dare su rubuta abin da suka gani tun kafin su manta. Ita kaɗai ta tara mafarkai sama da 200. Binciken ya nuna cewa yawancin abin da mutum ke gani a barci yana da alaƙa ta kusa da mutane da wuraren da ya saba da su a farke. Daga baya Sigmund Freud ya ambaci wannan aiki a littafinsa kan mafarki.

A 1891 ta kafa ɗakin gwaje-gwajen ilimin halayyar ɗan Adam a Wellesley, na farko a wata kwalejin mata a Amurka. Shekara guda bayan haka ta koma Harvard, har yanzu a matsayin baƙuwa, ta yi aiki a ɗakin gwajin Münsterberg wanda ya zo daga Jamus. A can ta ƙirƙiro wata dabarar auna ƙarfin tunawa: takan nuna wa mutum launi tare da lamba, bayan ɗan lokaci ta sake nuna launin ta tambaye shi lambar. Ta gano cewa yawan maimaita abu ya fi ƙarfin ɗaukar ido ko kusancin lokaci wajen dasa shi a ƙwaƙwalwa. Masu bincike sun ci gaba da amfani da dabarar shekaru masu yawa, sau da dama ba tare da ambaton mai ita ba. A 1894 Münsterberg ya nemi a yi mata rajistar digirin digirgir, aka ƙi. Jarrabawar 1895 ta biyo baya, ita ma ba ta sauya komai ba.

A 1902 aka zo mata da mafita. Kwalejin Radcliffe, wadda aka keɓe wa mata a gefen Harvard, ta yi tayin ba da digirin digirgir ga matan da suka kammala aikinsu a hannun malaman Harvard. Sauran matan sun karɓa, kuma ba abin zargi ba ne, domin takardar na buɗe ƙofar aiki. Calkins ta ƙi. Hujjarta ita ce a Harvard ta yi karatun, malaman Harvard suka jarraba ta, don haka karɓar takarda mai sunan wata makaranta zai zama shaida kan abin da bai faru ba. Ta kuma hango cewa muddin akwai ƙaramar ƙofa ta gefe da ake tura mata, jami'ar ba za ta ga dalilin buɗe babbar ba.

Rashin takardar bai hana ta aiki ba. Ta zama cikakkiyar farfesa a Wellesley a 1898, ta wallafa maƙaloli fiye da 100 da littattafai huɗu. Mafi shahara a fannin falsafa shi ne The Persistent Problems of Philosophy na 1907, wanda ya bi diddigin manyan tambayoyin da masana suka daɗe suna kai-kawo a kansu, aka kuma sake buga shi sau da dama. Ra'ayinta shi ne cewa asalin duk abin da ke akwai hankali ne, kuma nazarin ɗan Adam dole ya fara daga mutum mai sanin kansa da alaƙarsa da wasu. Da John B. Watson da mabiyansa suka zo daga 1913 suna cewa a bar batun zuci a auna abin da ido ke gani na ɗabi'a kawai, ba ta bi yayi ba, ta ci gaba da kare matsayinta da hujja.

Ta kuma sa hannu a muhawarar da ta shafi mata kai tsaye. Lokacin da Joseph Jastrow ya wallafa wani gwaji da ya ce yana nuna bambancin tunanin maza da mata, ita da ɗalibarta Cordelia Nevers sun maimaita gwajin a Wellesley. Calkins ta nuna cewa tarbiyya da horon da ake ba yara maza da mata sun sha bamban tun daga ƙuruciya, saboda haka ba a iya ɗora bambancin sakamako kan halitta. Ta goyi bayan ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, wanda Amurka ta tabbatar a 1920.

Takwarorinta sun ba ta girman da jami'ar ta hana. A 1905 aka zaɓe ta shugabar Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, a 1918 kuma shugabar Ƙungiyar Masana Falsafa ta Amurka; ita ce mace ta farko a duka kujerun biyu. Jami'ar Columbia ta ba ta digirin girmamawa a 1909, Kwalejin Smith ta biyo baya a 1910. A 1927 wasu fitattun masana da suka yi karatu a Harvard suka sake roƙon tsohuwar makarantarsu ta gyara kuskuren, aka mayar musu da amsar cewa babu isasshen dalili.

Ta yi ritaya a 1929 bayan shekara 42 tana koyarwa a Wellesley. Ba ta yi aure ba, ta zauna a gidan iyayenta tana kula da mahaifiyarta. Ciwon daji ya yi ajalinta ranar 26 ga Fabrairu, 1930, tana da shekara 66. Sai a 1963 Harvard ta fara ba mata digirin digirgir da sunanta, shekara 33 bayan rasuwar Calkins, shekara 68 bayan jarrabawar da ta ci.