Alhassan Ɗantata, ɗan da Tata ta raina

Mu 'yan kasuwa duk mun san sunan Ɗantata, amma kaɗan ke tuna cewa daga mace ya samo shi. An haife shi a Bebeji a 1877. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Amarya, ita ma 'yar kasuwa, ta koma Accra, sai wata tsohuwa, Tata, ta riƙe shi.

Da fataucin goron Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, ya kama sayen gyaɗa. A 1929 raƙuma 20 suka kai kuɗinsa banki. Mu masu zubin adashi dole mu jinjina! Ya kuma zauna a majalisar Sarkin Kano.

Da ajali ya matso a 1955, ya tara 'ya'yansa, ya hore su da su haɗa kai, kada kasuwancin ya watse. Allah ya jiƙansa.