Waziri Buhari, Jakadan Sakkwato

In an tashi ba da labarin zuwan Turawa ƙasar nan, sunayen mayaƙa ne su kan fara zuwa baki: Sarkin Musulmi Attahiru, da Marafa Maiturare, da mazajen da suka kwanta a Giginya da Burmi. Sun kuwa cancanta. Amma yau muna so mu jawo hankalin masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna na Jega da Aliero da Maiyama, ga wani mutum wanda makaminsa alƙalami ne da tawada, watau Waziri Muhammadu Buhari. Shekara goma sha bakwai ya yi yana kai da kawowa don kada ƙasar Shehu ta faɗa hannun baƙi. Ta faɗa. Abin da ya yi bayan faɗuwar shi ne ya sa har yanzu ake gardama a kansa, a cikin wannan gardama kuwa akwai hannun wani alƙali na ƙasar Gwandu.

An haifi Buhari wajen 1842 a gidan Gidaɗawa. Ubansa Ahmadu ɗan Waziri Gidaɗo ne, kakarsa kuwa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu har 1864, watau ya yi wayo sarai ya same ta. Gidan nasu gidan takarda ne. Nan ake rubuta wasiƙun Sarkin Musulmi, nan ake karɓar na sarakunan gabas, irin su Kano da Zazzau da Haɗejiya da Adamawa, nan kuma ake sauke baƙi. Kakansa Gidaɗo ne ya karɓi Baturen nan Kilafatan cikin 1824. Saboda haka sa'ad da aka naɗa Buhari Waziri cikin 1886, sha'anin Bature ba sabon abu ba ne a zauren da ya gada.

Sai dai Baturen da ya tarar ba irin na zamanin kakansa ba ne. Na dā matafiyi ne mai tambayar inda Kwara ta nufa, na zamaninsa kuwa takarda ya ke riƙe da ita yana neman a sa hannu. Can bakin teku an riga an ga abin da irin wannan takarda ke haifarwa. Ikko ƙaramar masarauta ce a bisa tsibiri, da sarkinta da fadawanta. Ran 6 ga Agusta 1861, jirgin yaƙin Ingila na tsaye a gaban garin, Sarki Dosunmu ya sa hannu, tsibirin ya zama na Sarauniya, shi kuwa aka yanka masa buhun wuri 1,200 a shekara. Sakkwato ba tsibiri ba ce, tafiyar watanni ce daga teku, amma hanyar da aka bi aka ci Ikko ita aka biyo da ita.

Cikin Yuni 1885, shekara guda kafin naɗin Buhari, wani Bature mai suna Tomsin ya zo da sunan kamfanin ciniki, ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Umaru, ya sami wata daga Sarkin Gwandu Maliki. A karatun kamfani, an sallama masa iko a gaɓar Kwara da Binuwai, shi kuma zai riƙa biyan Sakkwato buhun wuri 3,000 kowace shekara. A karatun Sakkwato kuwa, an dai ba fatake izinin ciniki, wurin da su ke kawowa gaisuwa ce irin wadda kowane baƙo ke yi. Takarda ɗaya, karatu biyu. Kowane akawu ya san irin rigimar da wannan ke jawowa, balle in ɗaya daga cikin masu karatun yana da igwa.

Dabarar Waziri a waɗannan shekaru ba ta da wuyar ganewa. Baƙo ya zo a sauke shi, a karɓi gaisuwarsa, a mayar masa da tukwici, a bar shi ya saya ya sayar, amma ba a ba shi ƙasa, ba a bar shi ya kafa bariki. In Ingilishi sun zo a saurare su, in Faransai sun zo su ma a saurare su. Haka aka yi wa Bafaranshen nan Mantai, wanda ya biyo ta Argungu ya iso Sakkwato cikin Oktoba 1891, shi ma ya tafi da tasa takardar. Wannan ba wauta ba ce, gama muddin baƙi biyu na kishin juna, mai gida yana da sararin numfashi. Abin da ya karya dabarar shi ne baƙin sun shirya a bayan idonsa. Tun cikin Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Tafkin Cadi, sa'an nan cikin Yuni 1898 suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato suka ce abin da ke ciki rabon Ingila ne. Ba a gayyaci Waziri ba, ba a gayyaci kowa daga ƙasar ba.

A cikin gida ma ba a zauna lafiya ba, a nan kuwa dole mu faɗi abin da ba ya daɗi. Sa'ad da Sarkin Kano Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Waziri yana Kano. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko a naɗa Tukur ɗan marigayin, wanda ya nuna jarumtaka a yaƙin Argungu. Buhari ya san zukatan manyan Kano suna wajen Yusufu ɗan Sarki Abdullahi, ya kuwa ba da shawara, ba a karɓa ba, ya naɗa Tukur. Yusufawa suka fice suka yi sansani a Takai, basasa ta tashi, Aliyu Babba ya ci birnin cikin 1894, aka kashe Tukur cikin 1895, ƙarshe Sakkwato ta amince da wanda ya ci da takobi. Biyayya ce ya yi, ba mu musa ba, amma biyayyar nan ta raunana masarautar da ta fi kowace ƙarfi, daidai lokacin da ake bukatar ƙarfinta.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa da sauri. Cikin 1897 sojan kamfani suka ci Bida da Ilori, waɗanda ke ƙarƙashin Gwandu, ta hanyarsu kuwa fataken kudu ke zuwa kasuwar Jega. Cikin 1899 Faransai suka ƙone Birnin Ƙwanni. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa Arewa ta koma hannun Ingila. Kwantagora da Yola suka faɗi cikin 1901, Bauci cikin 1902. A shekarar nan Lugga ya ce ya sami wasiƙa daga Abdurrahman mai nuna babu kome tsakaninsu sai yaƙi, da ita ya kafa hujja. Masana sun daɗe suna shakkar wasiƙar nan, domin ba a ga asalinta na Larabci ba. Abdurrahman ya rasu cikin Oktoba 1902, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu Atiku, Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903.

Majalisar Sakkwato ta rabu uku, masu cewa a yi yaƙi, da masu cewa a nemi sulhu, da masu cewa a yi hijira. Ba a tsai da magana ba har Nasara suka iso. Ran 15 ga Maris 1903 aka gwabza a filin Giginya, dawakai da masu da kibau a gaban igwa da bindiga mai ruwa, kafin rana ta take an watse. Sarkin Musulmi ya nufi gabas. Waziri ya tsinci kansa a Marnona tare da taron jama'a, mata da yara da tsofaffi, waɗanda ba su da guzuri ko abin hawa da zai kai su ko'ina. Ya tara malamai ya tambaye su. Suka duba littattafan Shehu suka ce in tsoro ya tabbata, ya halatta a yi sulhu da harshe don a tsare addini da rayuka. Ya aika wa Turawa, ya komo birni da mutane. Lugga ya iso ran 19 ga wata, masu zaɓe suka fid da Attahiru ɗan Aliyu Babba, ran 21 kuma Lugga ya yi jawabi cewa mulki ya zama na wanda ya ci yaƙi, amma ba za a taɓa addini ba.

Hankalin Buhari bai kwanta ba. Ubangidansa yana hanyar gabas da dubban mutane, shi kuwa yana zaune da waɗanda suka kore shi. Sai ya rubuta wa Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu yana neman fatawa. Alƙali ya amsa da tarihi. Ya tuna masa yadda kafirai suka ci Bagadaza suka halaka halifa, abin da ya faru cikin 1258, da yadda Ƙaramiɗa suka ɗauke Hajarul Aswadi ya yi shekara ashirin da wani abu ba ya Makka, duk da haka Musulunci bai ƙare ba. Ya ce in kowa ya tashi, ƙasar da Shehu ya gyara za ta koma yadda ya same ta. Wannan amsa ce ta sanyaya masa zuciya, ya kuma rubuta risala zuwa ga ma'abuta ilmi yana bayyana dalilansa, don kada a yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Ran 27 ga Yuli 1903 Attahiru ya yi shahada a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa, ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran har bakin Nilu a Sudan. Mu dai ba za mu ce waɗannan sun yi kuskure ba, ba kuwa za mu ce Waziri ya ci amana ba. Alƙalai sun ci gaba da zama, makarantun zaure ba su rufe ba, sarautar ta tsira, a kanta kuma aka gina tsarin En'e wanda ya yi aiki har 1976. Amma sulhun yana da tsada. Cikin 1906, sa'ad da mutanen Satiru suka tashi, fadar Sakkwato ta tsaya tare da Turawa, aka shafe garin da mutanensa, aka kuma tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu bisa zargin ya karkata gare su.

Waziri Buhari ya rasu cikin 1910, ƙanensa Sambo ya gaje shi. Ya bar ƙaramin yaro ɗan shekara huɗu mai suna Junaidu, wanda ya zama Waziri cikin 1948, ya riƙe alƙalamin gidan har 1997, ya kuma adana wasiƙun da ake karanta labarin nan a cikinsu. Allah Ya jiƙansu, amin.