Zhang Qian da Shekara ta 126

Mu da muka san kwanan jira a bakin boda, mun san zafin abin da ya sami Zhang Qian. Sarkin Sin, Wu, ya aike shi yamma da mutum kusan 100 neman abokan yaƙi. Makiyayan Xiongnu suka tsare shi shekara goma, har ya yi aure a can. Da ya kuɓuta ya isa arewacin Afganistan ta yau, sai ga yadin Sichuan a kasuwa. Fatake sun riga shi ta Indiya, fada ba ta sani ba! Ƙawancen bai ƙullu ba. Ya dawo gida a shekara ta 126 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum ɗaya ya rage masa cikin ayarin. Rahotonsa ne ya buɗe wa Sin hanyar siliki.