Russell Hibbs

Russell Aubra Hibbs (1 ga Satumba, 1869 – 16 ga Satumba, 1932) likitan tiyatar ƙashi ne ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da tiyatar haɗe ƙasusuwan baya, wadda ya fara yi a shekarar 1911.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Birdsville, wani ƙaramin gari a jihar Kentucky. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Louisville a 1890, ya yi aiki na ɗan lokaci a Texas, sannan ya koma birnin New York. A can ya kama aiki a asibitin ƙashi na New York, inda ya zama babban likitan tiyata, ya kuma riƙe wannan muƙami har ƙarshen rayuwarsa. Ya koyar a Jami'ar Columbia.

Tiyatar ƙashin baya

A zamaninsa babu maganin tarin fuka. Idan cutar ta kama ƙashin baya takan cinye shi har ya rufta, yaro ya yi doro, wani ma ƙafafunsa su shanye. Abin da likitoci ke iya yi bai wuce kwantar da majinyaci na shekaru cikin filasta ko ƙarfen tallafi ba. Hibbs ya yi tunanin cewa idan aka hana wurin motsi gaba ɗaya daga ciki, ƙashin zai samu damar warkewa.

A watan Janairu 1911 ya gwada wannan a kan wani yaro. Yakan tsaga ta baya, ya ɗaye tantanin da ke lulluɓe da ƙashi, ya karya 'yan tsinin da ke bayan ƙasusuwan daga tushe, ya kwantar da kowanne a kan na ƙasa da shi. Cikin watanni sai su manne su zama ƙashi guda, kamar yadda karaya ke haɗewa. Bai sa ƙarfe ba, bai kuma ɗauko ƙashi daga wani sashen jiki ba. A nan ya bambanta da Fred Albee, wanda a cikin shekarar ya fito da tasa hanyar ta dasa ɓallin ƙashin ƙwauri a baya.

Daga 1914 Hibbs ya fara yi wa masu karkacewar baya wannan aikin, kuma a 1924 ya wallafa sakamakon majinyata 59. Daga baya ya kai shi ƙugu, inda ƙashin baya na ƙarshe ke haɗuwa da na kwankwaso, don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Wurin da aka haɗe dai ba ya sake lanƙwasuwa har abada, shi ya sa ake auna amfanin aikin sosai kafin a yi shi. Shiga ta ciki ko ta gefe, da ɗaure ƙasusuwan da kusoshi da sandunan ƙarfe, duk sun yaɗu ne bayan zamaninsa.

Mutuwa

Hibbs ya mutu a New York yana da shekara 63. Cikin waɗanda ya horar akwai Joseph Risser, wanda ya ci gaba da bincike a kan karkacewar baya.